Littafin Injiniya Ba Ya Neman Burauza

"To, mun shirya," in ji ogan ofishin ruwa, ya miƙa hannu. Maƙwabcina Injiniya bai ga hannun ba, ni na kamo nasa na haɗa su. Ni ne shaida, kuma ni zan kawo kwamfutar, tunda sayar da tsofaffin na'urori ce sana'ata.

Shekara goma sha biyar Injiniya yana rubuta wa ofishin littattafan lissafi a kwamfuta, irin waɗanda in ka canza lamba ɗaya zanen ruwan rijiyoyi zai canza nan take. Kowa a burauza, manhajar shiga intanet, yake rubuta nasa, cikin maɓallai kala-kala. Shi kuwa rubutu zalla, fari a kan baƙin allo, layin bayani sai layin umarni. Oga na so a kwashe su a zuba a burauza, a goge na asali. Sharaɗin shi ne ranar Litinin a buɗe littafin Injiniya da na oga a kan kwamfuta mafi tsufa a shagona. In na Injiniya ya yi aiki, a bar su yadda ya rubuta.

Da ogan ya tafi, na ce wa Injiniya wannan taurin kai bai dace da mai ciwon sukari ba. Ya ce idonsa ya riga ya tafi, muryar da ke karanta masa allo kuwa in ta shiga burauza sai ta yi ta kiran sunayen maɓallai kamar mai tallan gwanjo.

"Nawa tana karanta min shi tiryan-tiryan. Su jira in mutu."

"Har da ba su lokaci, ɗan'uwa?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Asabar da hantsi ya rasu a kan kujerarsa, abin sauraro a kunne, maganin safe na kan murfin kofi bai sha ba.

Oga ya zo gaisuwa, ya ja ni gefe, wai ai magana ta wuce. Na ce mai maganar ne ya wuce, shaida na nan.

Litinin na ɗauko wata tsohuwar kwamfuta da maɓallanta biyu suka fita. 'Yar Injiniya ma'aikaciyar jinya ce, ba ta san kan abin ba, amma layin farko na littafin ya faɗi abin da za a buga, da maganar da ko ni na gane. Ta buga da yatsa ɗaya. Fankar kwamfutar ta yi gurnani, zanen rijiyoyi arba'in ya fito. Na oga kuwa ya nemi a sabunta burauza, tsohuwar na'ura ta ƙi. Oga ya ce da gangan na zaɓi muguwar na'ura. Na ce ƙwarai, ai haka aka yi ciniki.

Oga ya sha kaye, amma ofishinsa ya tafi da aikin da zai daɗe fiye da shi. Asarar tamu ce, ni da 'yar marigayin. Ta zauna a kan benci tana bin rubutun mahaifinta a allo a hankali, leɓenta na motsi, har rana ta bar bakin shagon.