Hodar da Ta Ƙi Haske

Maman Biyu ta ja labulen ɗakin gwaji, ta haska 'yar kwalbar da fitilar ultrabayolet. Babu komai. Farar hoda ce kwance kamar garin alli.

Hodar zinki da sulfa ce, ƙwayoyinta ƙanana ainun, ko madubin likita ba ya kama su. In aka saka mata sinadarin manganis, sai ta riƙa ba da haske mai launin ruwan lemo a ƙarƙashin fitilar nan. A baya ta yi, amma dishi-dishi. Ga shi jibi masu jarrabawa za su zo, in kuwa ba su ga haske da idonsu ba, digirinta sai baɗi.

Dogo, abokin karatunta, ya leƙo daga bakin famfo. "Yaya, ta kama?"

"Ta mutu murus. Kai ka ce in ninka manganis."

"Haka ake yi a ɗakin nan. Haske ya yi rauni, a ƙara."

"Ka taɓa ganin wanda ya ƙara ta yi?"

Ya sosa ƙeya. "Ni dai haka na tarar."

Ta duba hoton tsarin ƙwayoyin da na'ura ta fitar, lafiya lau yake, ginin bai rushe ba. Sai ta sauko da tsofaffin kwalabenta daga kanta, har waɗanda ta raina, ta jera su daga mai ƙarancin manganis zuwa mai yawa. Ta bi su da fitila a hankali. Ta biyu ta fi kowacce haske. Daga nan abin sai raguwa, har ya ɗauke.

"Zo ka ga danginka," in ji ta. "In ƙwayoyin manganis suka yi cunkoso, wannan ya miƙa wa wancan ƙarfin, wancan ya miƙa gaba, kamar gulma, har ya faɗa wani gurbi ya zama zafi. Babu mai fitar da shi haske."

Ta sake haɗi, ta auna manganis kusa da na kwalba ta biyu. Da hodar ta kwanta, tun tana jiƙe ta haska. Ƙasan kwalbar ya kama jawur kamar garwashi.

Dogo ya rage murya. "Don Allah kar Farfesa ya ji ni na ba da shawara."

"Haba, ƙanena," ta ce tana neman takardar tacewa. "Ai babi guda zan ware maka a kundin digirina."