Ƙwaryar da Ta Yi Ihu

"Ɗauki abinka, Alhaji! Wa yac ce maka yunwa nika ji?"

Muryar Baba Basharu ce ta tsallako katanga ina tsakiyar wanke mashin. Na jefar da soso na fito. Wata doguwar baƙar mota ta toshe lungunmu, har mai tallan fura sai da ta raɓa bango ta wuce. Ga buhun shinkafa jingine da dakali, ga tsohon a bakin zaure ƙudundune cikin bargo, yana tari yana zungurin buhun da sanda. A gabansa wani mai babbar riga ne tsaye, turarensa ya cika unguwa. Muzzammil, ɗan autan Baba, yana gefe ya sunkuyar da kai.

Ni Sahabi, kabu-kabu nake yi a Gwandu, kuma katanga ɗaya ta raba gidanmu da na Baba Basharu tun kafin in san hannun dama. Mutumin fadamar Kalgo ne, aure ya kawo shi cikinmu, amma zuciyarsa ba ta taɓa tarewa ba. Da ruwa ya ɗauke sai ya koma wani tabki bayan Wurogauri farautar agwagin daji. Ba ya riƙe bindiga, ba ya kafa raga. Ƙorai yake zubawa a kan ruwa su yi ta yawo, har agwagi su saba da su, su riƙa iyo a tsakaninsu. Sai ranar da ya ga dama ya kifa wata ƙwarya mai hudar ido biyu a kansa, ya shiga ruwa iya wuya, ya bi iska a hankali. Agwagwar da ke gefen garke zai kama ta ƙafa ya ja ƙasa, ya riƙe mata baki, ya koma cikin ciyawa ya yanka da bisimilla. Sauran ko juyowa ba sa yi. Ruwan sanyin nan ne ya cinye masa ƙirji, shi ya sa bana bai iya komai ba sai zuba ƙoran, ya dawo gida ya kwanta.

Mai babbar rigar, Alhaji Tajuddeen ne daga Birnin Kebbi. Na ji an ce a gidansa akwai ɗawisu da barewa da jimina, da wani tabki na siminti mai fitilu. Abin da ya rasa, wata 'yar agwagwa ce da ba ta fi tantabara girma ba, fuska fara, gefen kai kore, ƙirji ja-ja kamar gasasshen tubali. Baba yana ce mata 'yar bado, don cikin bado take zama, 'ya'yansa take ci. Ya ce yana saurayi suna rufe ruwa. Yanzu da noman rani ya cinye fadama, injinan ban ruwa suna zuƙar tabkuna, mace da namiji kawai suka rage a tabkinsa. Bindiga kashe su za ta yi, raga ta karya musu fiffike. Mai ƙwarya ne kaɗai zai iya kawo su da rai ba tabo.

"Baba, ai ba yanka su za a yi ba," in ji Alhaji cikin lallami. "Kiwo za a yi. Abinci safe da marece, ga likita na duba su."

"Ni ma abinci aka ba ni safe da marece, ga likita na diba na. Ka ga ina tashi?"

Alhaji ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "To kai da ka gama da agwagin Kalgo, yau kai ka jin tausai?"

Tsohon ya miƙe zaune sosai. Na san wannan miƙewar, da ita ya taɓa korar masu awon hanya daga ƙofar gidansa. "Na ci, Alhaji, ban ɓoye ba. Agwagin dinya na ci, na kirinjijiya na ci, ɗiyana da romonsu sunka girma. Amma ban taɓa ɗaukar wadda in na ɗauka babu saura ba. Kai ko ci ba za ka yi ba. Kallo za ka yi, ka kira abokai su taya ka."

Motar ta fita da baya. Buhun kuwa nan ya wuni, don Baba ya rantse ba zai tsallaka masa zaure ba, sai da almuru Muzzammil ya kinkime shi ya kai gidan wani abokinsa.

Ba zan yi wa Muzzammil ƙarya ba, ba mugun yaro ba ne. Ya gama karatu ya zauna ba aiki, ga mata ga jariri. Alhaji ya yi masa alkawarin tuƙin mota, ya kuma ce zai kai tsohon babban asibiti. Kuma shi kaɗai cikin 'ya'yan ya koyi ƙwarya. Da magariba na jiyo su ta katanga.

"Baba, tsuntsu na fa. Tsuntsu guda biyu. Kai kana mutuwa kan gado."

"Ina mutuwa, awo. Shi ya sa nika hwaɗa maka tun ina da baki. Kada ka shiga ruwan nan."

"Na riga na amsa mai. Asabar za mu."

"Mi na koya maka ranar hwarko?"

Muzzammil ya maimaita kamar mai biya karatu. "Kada su ga mutum ya hito daga ƙwarya. Ran da sunka gani, tabkin ya mutu ga mai ƙwarya."

"To madalla, ba ka manta ba," in ji tsohon. Daga nan sai tari.

Ran Asabar na dawo daga sallar asuba na tarar da Inna Rahamatu, matar Baba, tsaye a ƙofar gidanmu. Muzzammil ya wuce Kalgo tun jiya. A hannunta akwai wani abu naɗe cikin tsohon zane, mai zagaye. Ban tambaya ba, na san ko mene ne.

"Sahabi, Malam na son ka kai shi."

"Inna, mutumin da ko bayi sai an riƙa shi?"

"Ni ka riƙon nashi, ba sai ka gaya mini ba." Idonta a bushe yake. "In ka ƙi, da ƙahwa za shi, ya hwaɗi bakin kasuwa. In mun kulle shi, ya mutu yana kallon bango da baƙin ciki. Tun ina yarinya nika wanke mai taɓon tabkin ga. Kai shi."

Raina ya ɓaci, tsoro ya kama ni, na kuma tayar da mashin. Da rawaninsa Inna ta ɗaure shi a bayana kamar goyo. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Hanyar da nisa, duk ramin da na faɗa sai na ji numfashinsa ya tsaya a wuyana, sannan ya dawo. Amma bakin bai mutu ba.

"Wanga tuƙi naka, Sahabi, ko jaki ya hi ka sauri."

"Baba, tsoro nika ji kada ka hwaɗi."

"An ɗaure ni, ɗan banza. In na hwaɗi tare za mu."

Hantsi ya fito muka wuce Wurogauri. Ya sa na kashe mashin tun daga nesa, muka bi ta bayan gonakin shinkafa, ina tallabe da shi. Can ƙetaren tabkin na hango baƙar motar, direba zaune a kan bonet, keji sabo fil a gefensa. Ruwan kwance yake, ƙorai warwatse a kansa, agwagin kirinjijiya suna ta kukansu mai kama da fito. Baba ya matse mini hannu ya nuna da haɓa. A tsakiyar bado, ga su nan su biyu, ƙanana, suna tsintar abinsu. Ban taɓa ganinsu ba sai ranar. Gaskiya ne, suna da kyau, har na gane abin da ke damun Alhaji.

"Ka ga waccan ƙwarya?" ya raɗa mini. "Iska gabas taka yi, ita tana yamma. Kullum ina gaya ma Muzzammil, gaggawa gare shi."

Na ce, "Baba, bari in yi ihu daga nan su tashi, ba sai ka shiga ba."

"Su tashi, gobe su komo, jibi ya kama su. Mutum na tudu sun san shi, ba sabon abu ba na. Na cikin ƙwarya za su gani."

Ya tuɓe riga. Haƙarƙarinsa duk a waje. Ya yi bisimilla, ya kifa ƙwaryar, ya zame cikin ruwa ba ko ƙara. Wallahi mutumin da na goyo a mashin ba shi ne ya shiga ruwan nan ba. Ina kallo ƙwaryarsa ta shige cikin 'yan uwanta, ta ɓace mini. Na nema na rasa. Ta Muzzammil kawai nake iya bi da ido, tana matsawa, tana matsawa, har ya rage kaɗan hannu ya kai. Na fara tunanin ko tari ya kama tsohon a ƙasa, ko in faɗa ruwan in lalubo shi.

Sai wata ƙwarya da ke jikin 'yan badon, wadda na rantse fanko ce, ta yi sama.

Baba Basharu ya miƙe tsaye, ruwa na zuba daga gemunsa, ya ɗaga ƙwaryar da hannu biyu yana buga ta a kan ruwa. "Haaai! Ku tashi! Mutum na! Ku dibe ni da kyau, mutum na cikinta!"

Tabkin gaba ɗaya ya tashi. Ƙarar fukafukai ta rufe komai, direban ya diro daga mota a firgice. 'Yan badon suka bi ta kan ciyawa ƙasa-ƙasa, suka ɓace. Muzzammil ma ya fito daga tasa ƙwaryar, don haka mutum biyu suka gani, ba ɗaya ba.

Ban san lokacin da na shiga ruwan da takalmina ba. Muzzammil ya riga ni isa, ya tare uban kafin ya kife. Yana kuka yana faɗa. "Ka kashe tabkin, Baba! Naka na fa! Aikinka na tun kahin a haihe ni!"

"Nawa na," in ji tsohon, haƙoransa na haɗuwa. "Ni na koya musu yarda da ita. Na amshe abina."

Direban Alhaji, Allah ya saka masa, bai jira umarnin kowa ba, ya jefa kejin a but ɗin motar ya kwashe su zuwa asibitin Kalgo. Da la'asar Baba ya buɗe ido ya ce shi ba zai mutu a ɗakin da ke warin magani ba, ya tsige robar hancinsa, ya yi ta rigima har likita ya gaji ya ce a kai shi gida.

Bai kai Juma'a ba. Ranar ƙarshe ina zaune a bakin gadonsa, Muzzammil na shafa masa man zafi a ƙirji, Inna na dama kunun da ba wanda zai sha. Ya kama hannun ɗan.

"Kana hushi?"

"Ina yi, Baba."

"Yi abinka. Amma hannunka ya yi kyau ranan. Da ban zo ba ka kama su." Ya huta. "Iska kawai za ka koyi bi."

Muzzammil ya yi dariya da hawaye. Bayan azahar, ana jin masu tallan rake a lungu, tsohon ya yi kalmar shahada ya cika.

A zaman makoki na sha magana. Wani ya ce ni na kashe shi, wani ya ce tsufa ne ya taɓa masa hankali, mutum ya ba da ransa don tsuntsu. Wani dattijo ya kalle ni ya ce, "Kai ko kunya ba ka ji?" Na ce ban ji ba. Na yi kewarsa, har yau in na wanke mashin ina sauraron tarinsa ta katanga, amma da zai dawo ya ce in kai shi, zan sha mai in kai shi. Inna kuwa daga cikin gida ta aiko a gaya wa masu maganar cewa ita ta ɗaure shi da hannunta, mai ƙorafi ya shigo ya same ta. Ba wanda ya shiga.

Alhaji bai zo gaisuwa ba, aikin tuƙin ma ya bi ruwa. Na ji ya samo wani mai ƙwarya daga wani gari, ya wuni a tabkin har jikinsa ya yi fari. Da ƙwarya ta doso, ko iska ce ta turo ta, sai agwagin su ja can nesa. Muzzammil ya koma noman shinkafa da kawunsa a Kalgo. Da ya zo gida na tambaye shi ko yana ganinsu. Ya ce yana gani, daga tudu, kuma da damina ya hango su da 'yan ƙanana a bayansu, bai tsaya ƙirgawa ba.

Shekaranjiya na shiga gaida Inna. Kazarta ta yi ƙyanƙyasa, shirwa na ta shawagi a saman gidan. A tsakar gida, kusa da turmi, ga ƙwaryar Baba a kife, an ɗora mata dutse. Na durƙusa na leƙa. Ta hudar ido ɗaya wani ɗan tsako ya zuro baki, yana kallon waje.