Dabinon Kaporal Lawali

"Zaki ne! Wallahi zaki muka rasa!" in ji Abarshi, yana miƙa kofi a ƙara masa shayi.

Habsu na tsaye a bakin zaure, ta taɓe baki. Wannan bakin na Abarshi dai shi ya ce wa Lawali, ɗan ƙanensa, ranar da ya shiga soja: "Wanda makarantar lakwal ta kora, ai sai bariki." Yau ga shi ya baza babbar riga a tabarmar makoki, yana karɓar gaisuwa kamar shi ya haifa.

Gawa ba ta zo Gure ba. An kashe Kaporal Lawali a wani hari can wajen tafkin Chadi, can aka binne shi da abokan aikinsa.

Habsu, ɗalibar lise, wato sakandare, ta shige cikin gida. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da na Yabawa, uwar mamacin. Tsohuwar na zaune cikin mata, yanar ido ta rufe mata gani, ta lalubo hannun Habsu.

"'Yar lise, dabinon nan sun buɗe."

"Inna, bar wannan tukuna."

"In bari? Fure ya san makoki ne?"

Habsu ta san zancen. Yabawa na da 'yan itatuwan dabino a kwari, su ne cinta, su ne suturarta. Macen dabino ba ta 'ya'yan kirki sai an hau an ɗaura mata furen namiji, in kuwa furen ya wuce, shekara ta wuce. Sauran sojoji da salla suke neman permisiyo, wato hutun zuwa gida. Lawali shi da furen dabino yake nema. Ya sauka daga mota, ya tuɓe takalma, ya hau, ya koma bakin daga da tsagar ƙaya a hannu. Bai taɓa faɗa wa uwarsa abin da yake gani a can ba. In ta tambaya sai ya ce, "Sauro ne kawai, Inna."

Habsu ta koma zaure, ta durƙusa kamar yadda aka koya mata.

"Baba Abarshi, Allah ya ƙara haƙuri. Inna ta ce dabino sun buɗe. Wa zai hau?"

Aisami, ɗan Abarshi, wanda tun safe yake nuna wa mutane hoton mamacin a waya yana cewa tare suka tashi, ya duƙufa kan wayar.

"Ana kukan gwarzo, ke kina zancen dabino?" in ji Abarshi. "Bayan sadakar arba'in a duba."

"Bayan arba'in, Baba, me tsohuwar za ta ci? Kirari?"

"Abin da lise ke koya muku ke nan?"

"Zakin naku shi ke hawa. Na zata a dangin zaki ba a rasa mai farce."

Wani ya ƙware da shayi. Aisami ya ɗago kai. "In kin matsu, hajiya, hau mana."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin ta gidan mutuwa. Habsu ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, manyan riguna da tafin hannu mai laushi, ta miƙe ta fita.

Da la'asar ta sa wandon wasanni ƙarƙashin zane, ta riƙo Yabawa suka gangara kwari, rairayi na cin ƙafafunsu. Wani mai lambu ya yanko musu furen namiji, ya tsaya baki buɗe. Mace a kan dabino, Gure ba ta saba gani ba.

Habsu ta cije, ta hau. Ƙaya ta tsaga mata dantse, ba ta duba ƙasa ba.

"Kin kai?"

"Na kai, Inna."

"Karkaɗa shi tukuna. Sannan ki soka shi a tsakiya, kai ƙasa. Kada ki ɗaure da ƙarfi, Lawali ba ya matsewa."

Habsu ta karkaɗa. Garin furen ya tashi, ya sauka a hankali kan mayafin tsohuwar. Yabawa ta ɗora tafinta a jikin itacen, tana jin motsin mai hawa.