Kayan Kada Mervin

Glenn Hocking, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a garin Darwin na Ostareliya, ya kai shekara arba'in da biyu a duniya, ba wanda ya taɓa jin ya yi zancen wani kada. Sai da aka kai mahaifiyarsa gidan kula da tsofaffi, aka turo masa kwali uku na tarkacen yarintarsa. A ciki ya tarar da littattafan Mervin, kadan nan mai hular kyaftin da ke tuƙa jirgin fito, wanda ake nuna zanensa a talabijin duk Asabar da safe, lokacin Glenn yana ɗan shekara bakwai, ubansa kuwa yana can teku wajen kamun jatan lande wata da watanni. Ya zauna a ƙasan gareji ya buɗe na farko. Duk wanda ya ce maka ya sake tashi daga wurin nan, ƙarya yake.

Ya bi ya nemo waɗanda ba shi da su, ya sa kowanne a leda saboda danshin damina, ya jera su a kanta. Abin shi kansa kunya yake ba shi. Yana kan rufin mutane da sukuddireba a hannu, waƙar buɗe shirin tana ta juyawa a kansa. Ya sha cewa daga wannan ya daina, kuma bai daina ba.

'Yarsa Tilda, ita ma shekararta bakwai, tana zuwa wurinsa Asabar da Lahadi tun da suka rabu da uwarta Nerida. Da watan Agusta ya gabato, Nerida ta kira shi kan Makon Littattafai, wanda kowane yaro ke yin shigar wani daga cikin littafin da ya fi so a yi fareti a makaranta.

"Bana kai za ka yi mata kayan," in ji ta. "Don Allah ka tambaye ta abin da take so, ka ji ko?"

Ya tambaya kuwa, ba za a yi masa ƙazafi ba. Tilda ta fara ba shi labarin wata yarinya mai kiwon zuma, har da nuna faɗin hular yarinyar da hannu. Ya ce to, to. Sannan ya ce, "Amma dai kin san Mervin?"

Ta dubi kantar, ta dube shi, ta ce ta san shi.

Mako uku ya yi yana haɗa kayan kadan da soso da koren fenti da gam. Kowane ɓawon baya da hannu ya yanka shi. Zif ɗin ne kawai ya tsaya masa a rai, domin Mervin na littafi ba shi da zif. Saboda haka da safen faretin, a wurin ajiye motoci, bayan ya zuge ta a ciki, sai ya shafa gam ya manne layin ɓawo a kan zif ɗin tun daga wuya har wutsiya. Ya ja da baya ya duba. Wallahi sai da ƙwalla ta cika masa ido.

A filin ƙwallon kwando aka yi, ƙarfe goma, rana ta riga ta buɗe. Sauran yara wani da tawul a kafaɗa, wani da kambin kwali. Da kada ya fito sai iyaye suka ɗauki tafi.

"Kai, Glenn, ka tona mana asiri!" wani uba ya ɗaga murya. "Ni ma a ɗinka min na manya mana!"

Malama Pappas, malamar ajin su Tilda, tana bin yara da makirufo tana tambayar kowa. Ta sunkuya wajen bakin kadan. "Me kika fi so a littafin, Tilda?"

Muryar ta fito can ciki, ƙarama. "Ban karanta ba. Na Baba ne. Suna cikin leda."

Aka yi dariya. Glenn ma ya yi.

A zagaye na biyu kada ya tsaya, ya yi tangaɗi, ya zauna daɓas a kan siminti. Malama Pappas ta riga kowa isa.

"Glenn, fito da ita! Zafi ya yi mata yawa."

Ya durƙusa ya kama layin ɓawon ya ja. Gam ya bushe ƙam, shi da ya zaɓi mai ƙarfi don kar wani abu ya faɗi. Wani ya ruga aji ya kawo almakashi. Glenn ya ɗaga shi, sai idonsa, ɗan banza, ya shiga bin ɗinki yana neman inda zai yanka a iya gyarawa daga baya. Bai kai daƙiƙa biyar ba. Amma ta ragar da ya sa a bakin kadan, Tilda ta juyo tana kallonsa.

"Baba, kar ka yanka," ta ce tana haki. "Zan iya jurewa har a gama."

Ya zura almakashin a wuya ya tsarge kayan har ƙasa. Ta fito sharkaf da gumi, fuska jajir, gashi ya manne a goshi. Malama Pappas ta miƙo mata gorar ruwa. Ba ta karɓa ba tukuna. Ta durƙusa tana tsince ɓawon da ya zube a kan siminti ɗaya bayan ɗaya, ta tara a tafin hannu ta miƙa masa.

"Za ka iya mayar da su, ko Baba?"