Shekara Huɗu Zuwa Sama

Kerryn Vassallo ta fito daga sinima da ƙarfe uku na ranar Alhamis, zafin Disamba, tsakiyar bazara a Melbourne, ya mare ta a fuska. Fim ɗin Maƙeri aka nuna musu, su masu yi masa kayan wasa, mako uku kafin kowa a Melbourne ya gan shi. A bakin ƙofa aka mayar wa kowa wayarsa, aka kuma tuna musu da takardar da suka sa wa hannu: duk wanda ya faɗi abin da ya gani kafin ranar fitowar fim, aikinsa ya ƙare, kamfaninsa ma ya rasa izini.

Wata goma sha takwas ke nan da masu fim suka aiko wa kamfaninsu kundin hotuna, babu ko layi ɗaya na labari. Haka ake yi kullum, kuma babu wanda ya taɓa ganin abin kunya ne. Ga jarumi ta gaba, ga shi ta baya, ga launin rigarsa, ga makaminsa, wani ƙaton baƙin awartaki. Sai sautuka ashirin, kowanne da lamba, ba suna. Kerryn ce ta saurare su, ta zaɓi na goma sha huɗu, wani ƙaras mai daɗin ji kamar an karya busasshen ice, aka saka shi a cikin awartakin roba daidai hannun yaro. Ita ta ƙago abin da aka buga a bayan kwali, cewa Maƙeri yana lanƙwasa ƙarfe ya ceto waɗanda gini ya danne. Ita kuma ta rubuta shekarun a gaba, huɗu zuwa sama, domin babu ɗan abin da yaro zai haɗiye, babu kaifi, murfin batir da sukuru aka ɗaure shi. Iyakar abin da masu gwaji ke tambaya ke nan.

A cikin fim ɗin kuwa Maƙeri bai lanƙwasa ko ƙusa ba. Mutum ya ɗaure a kujera yana yi masa tambaya, duk amsar da ba ta yi masa ba sai ya kama yatsa ɗaya da awartakin. Tun a yatsan farko Kerryn ta gane sautinta.

Graeme Tolhurst, shugaban sashensu, ya same ta a gefen titi yana ƙarasa guggurun da ya fito da shi. Shekararsa talatin a sana'ar, babu abin da ke hana shi cin abinci.

"Kez, lafiya? Kin tsaya kamar wadda aka aiko wa da mutuwa."

Ta ce masa ai ya ji abin da ta ji. Ya ce ya ji mana, har ya so ya tafa mata, don duk cikin ashirin ɗin ita ta zaɓo wanda mutane za su fita da shi a kunne. Ta tuna masa fim ɗin na 'yan shekara goma sha biyar ne zuwa sama. Ya ce to shi ke nan ma, yara ba za su gan shi ba.

"To wa muka yi wa abin wasan, Graeme?"

"Yaro kwali yake saye, ba fim ba. Ki sha ruwa, yarinya."

Ya ci gaba da bayani cikin natsuwar mutumin da ya daɗe bai yi wa kansa tambaya ba. Kaya suna kantuna tun farkon wata, a layin ƙasa inda idon yaro ke sauka. Fim kuma sai washegarin Kirsimeti zai fito, lokacin takardun naɗe kyaututtuka suna kwandon shara. In wata uwa ta rubuto ƙorafi a Janairu, akwai wasiƙar ban haƙuri da aka tanada tun wani fim na shekarun baya, suna kawai ake canjawa. Ya miƙa mata guggurun, ta girgiza kai, ya ɗaga kafaɗa ya nufi tashar jirgin ƙasa.

Ba dubban da ke kantuna ne suka tsaya mata a rai ba, kuma wannan ma ta san abin kunya ne. Ashirin da huɗu ne kacal. Yayarta Charmaine malamar ajin 'yan shekara huɗu ce a unguwar Sunshine, inda suka tashi. Duk ƙarshen shekara Kerryn kan kai wa ajin kyauta daga kayan kamfani, har yaran sun san ta da Anti Kez mai kaya. Bana awartakin ta kai. Ranar Lahadi suka naɗe su a teburin mahaifiyarsu, suna cin pastizzi, 'yan gasassun sambusan nan masu cuku, Charmaine tana rubuta sunan kowane yaro da manyan baƙaƙe, ta ce mace da namiji duk abu ɗaya za a ba su. Ranar Talata za a raba.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne bakin awartakin. Ita ta nace a sa masa roba mai laushi, a bar 'yar kafa a tsakiya, don in yaro ya tura yatsa kada ya matse shi. Har yabo ta samu a kan haka. Yanzu ta ga ta auna shi daidai yatsan ɗan shekara huɗu. Yaran nan suna da yayye masu waya. Kafin hutu ya ƙare sun ga guntun fim ɗin, sun san yadda ake wasan: ɗaya a kujera, ɗaya yana tambaya.

Ranar Juma'a ta tashi daga aiki da wuri. Duk tsawon hanya tana gwada jimloli a mota, kowace ta gaskiya tana ƙarewa da sunanta a takardar kora. Kafin ta isa ta riga ta zaɓi wadda ba ta gaskiya ba.

Ta tarar yara sun tashi, Charmaine ita kaɗai a aji tana ɗora ƙananan kujeru a kan tebura, da fenti kore a gwiwar hannunta. Kyaututtukan suna cikin babban kwali a saman kabad, an rufe da zane.

"Manyan gari da kansu," in ji Charmaine. "Me ya fito da ke daga sanyin ofis? Ko an kore ki ne?"

Kerryn ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta ce kayan ta zo karɓa, an gano murfin batir ɗin wasu yana kwancewa, za ta kawo littattafan zane a madadinsu.

Charmaine ta ajiye kujerar da ke hannunta. Duk mai kula da ƙananan yara ya san abin da ɗan batir ɗin nan mai kama da maɓalli ke yi in ya shiga ciki. Ta dafe ƙirji, ta zo ta rungume ƙanwarta, ta ce da wani ne sai ya yi shiru ya bar abin ya wuce, amma ita Kez tun tana ƙarama haka take, ba ta iya ganin abu ta kawar da kai. Kerryn ta tsaya ƙiƙam a cikin rungumar tana kallon zanen yaran da aka liƙa a bango.

Suka sauko da kwalin tare. Suna kaiwa bakin mota Charmaine ta tambayi na kantuna fa, za a janye su? Domin ta ga uwar wani yaron ajinta ta sayi biyu, dole ta kira ta yau.

Kerryn ta ce a'a, waɗancan daban aka yi su, lafiyarsu lau. Ta yi mamakin yadda ƙarya ta biyun ta fi ta farkon sauƙin fita.

Charmaine ta yi alamar gicciye a ƙirji, ta sauke numfashi. Sannan ta ce ba sai an kawo littattafai ba. Ta riga ta nuna wa yaran hoton Maƙeri, ta karanta musu abin da ke bayan kwali, mako guda suna wasan ceto a cikin yashi, suna tono 'yartsana daga ƙarƙashin katako. Gobe Asabar za ta shiga kanti ta sayo ashirin da huɗu masu lafiya, iyaye za su taimaka.

Kerryn ta rufe but ɗin mota. Ta tsaya da hannunta a kan murfin, ƙarfen yana ƙona ta, ba ta ɗauke ba.

"Char, kada ki saya."

"Kin ce lafiyarsu lau."

"Batir ɗin lafiyarsa lau. Duka. Ƙarya na yi miki."

Ta faɗa mata a nan filin ajiye motoci, da murya ƙasa ƙasa, tana waiwaye kamar masu fim suna bayan shingen. Ta faɗi kujerar, ta faɗi yatsun, ta faɗi inda sautin ya fito. Ta ce ta sa hannu a takarda, in maganar ta fita daga bakin Charmaine aikinta ya tafi. Tana jin kanta tana roƙon a rufa mata asiri tun ba a gama jin laifin ba, ta kasa dainawa.

Charmaine ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi, da ya fi sauƙi. Ta buɗe but ɗin da kanta, ta ɗauki ƙunshi ɗaya, ta yage takardar, ta juya kwalin gaba da baya.

"Wannan labarin ceton, a fim ɗin yake?"

"A'a."

"Wa ya rubuta shi?"

"Ni."

"Shekarun fa?"

"Ni ce. Ban ga fim ɗin ba a lokacin, Char. Babu wanda ake nuna wa. Kowa haka yake yi."

"Ni kuma na tsaya gaban yara ashirin da huɗu na karanta musu."

Charmaine ta ce ba za ta ambaci sunanta ga kowa ba, ba don kamfanin ba, don mahaifiyarsu. Amma uwar nan da ta sayi biyu za ta kira ta, ta ce mata kada ta ba yaron, kuma in ta tambayi dalili za ta ce ta jira fim ɗin ta gani da idonta. Sauran iyayen garin kuwa, ta ce, ba ita ke da lambarsu ba. Ta dubi Kerryn da ta faɗi haka, ba ta ƙara komai ba.

Sai ta ce a mayar da kwalin cikin aji. Katunan sunayen take so, ita ta rubuta su, ba za ta sake rubuta ashirin da huɗu ba. Suka zauna a ƙananan kujerun, gwiwoyinsu kusan a ƙirji, suna ɓare salatef a hankali don kada kati ya yage. Charmaine tana jera katunan a gefe, Kerryn tana tara awartakan a ƙasa kusa da ƙafarta.

Da suka kai rabi Kerryn ta tambaya ko ta zo ranar Talata da littattafan.

"Ki ajiye su a ofishin makaranta," in ji Charmaine, ba ta ɗago ba. "Zan ce musu Anti Kez aiki ya riƙe ta."

Kerryn ta ce to. Ta jawo ƙunshi na gaba, mai sunan wata Thuy, ta fara neman bakin salatef da farce.