Barka da Juma'a daga Badaruddeen

"Sake dubawa," in ji Malama Hasiya. "Da hannuna na tura, kuma hannun nan bai fara yi mini ƙarya ba tukuna."

Suwaiba ta ƙara matso da kwamfutar. Shagonta yana Magama, dab da shingen kwastan, inda direbobi masu ƙetarawa Maraɗi ke zuwa a buga musu takardu. A waje wata tirelar masara ta tare hanya, 'yan babur masu jarkokin mai suna ta yi mata ham.

Maganar ta Muhsina ce, jikar Malama, wadda ke zaune a kan benci ta dunƙule cikin hijabi. Ta sami gurbin karatun jinya a wata jami'a a ƙasar waje, da sharaɗin shaidar makarantar da ta gama ta fito daga adireshin imel na makarantar kanta. Makarantar kuwa ta Malama ce, ita ta kafa ta a Jibiya bayan ta yi ritaya. Ta tura, ta sake turawa, can suna cewa ba su gani ba. Sai jiya wani ma'aikacinsu ya rubuto cewa ya tsinci saƙon a akwatin tarkace, inda na'ura ke watsa wasiƙun 'yan damfara, kuma dokarsu ta hana buɗe takardar da ta faɗa nan. Wa'adi ya kusa cika.

"Kowa ce mini yake in yi haƙuri, in da rabo za ta shiga," Malama ta ce. "Rabo ne ya jefa takardata a bola? Ki gaya mini dalili, Suwaiba. Ni na koya miki bin lissafi daki-daki, har da bulala."

"Ban manta bulalar ba, Malama." Suwaiba ta yi dariya. "Matsala biyu ce. Ta farko, wasiƙunku ba su da hatimin da ke shaida daga gidanku suka fito. Kamar mota ce ta iso shingen kwastan ba takarda, ko wa ke ciki gefe za a aje ta. Wannan yanzu zan gyara."

"Ta biyun fa?"

Suwaiba ta dubi Muhsina, ta mayar da ido kan allo.

"Sunan gidan ya ɓaci. Akwai saƙon da ke fita daga adireshin nan duk Juma'a da safe, zuwa ga mutane masu yawa. Wasu adireshin sun mutu, saƙon sai ya dawo. Masu ran kuma suna dannawa cewa tarkace ne. Na'urorin duniya sun ji ƙorafi ya yi yawa, sai suka ɗauki duk abin da ya fito daga nan a matsayin shara."

Malama ba ta tambayi wane saƙo ba. Ta san shi kamar Fatiha. *Assalamu alaikum. Barka da Juma'a, Allah Ya sada mu da alherinta. Naku, Badaruddeen.*

Badaruddeen ɗanta ne, mahaifin Muhsina. Shi ya buɗe wa makarantar adireshin, shi ya saita gaisuwar ta riƙa fita da kanta, don ya ce ba ya so ya manta da kowa. 'Yan bindiga suka tare motarsu a hanyar Katsina, suka shige daji da su. Wani da ya kuɓuto ya ce ya ga ya faɗi bai tashi ba. Babu gawa, babu kabari. Liman ya yi masa sallar ga'ib, aka yi zaman makoki, aka watse. Juma'ar da ta biyo, Malama tana kan darduma wayarta ta yi ƙara, ta duba, ga sallamarsa. Tun daga nan bai taɓa fashi ba.

Ba ta da camfi. Ta san inji ne. Ta sha korar masu zuwa mata da labarin mafarki. Amma ta kan yi wanka da wuri ranar Juma'a, ta ajiye wayar a cinya.

"To ni me ya sa nawa ke shigowa lafiya lau?" ta tambaya.

"Saboda kina amsawa, Malama." Suwaiba ta yi ƙasa da murya. "Ga amsoshinki nan a jere. Ke kaɗai ce."

Malama ta ji kunya ta kama ta, irin wadda rabonta da ita tun tana budurwa. Ta gyara zaman tabarau.

"Amsa sallama wajibi ne," ta ce da kaifi. "Su waɗancan fa? Mutum ya gaishe ka, ka ce shara ce? Abokansa ne fa! Wasu a gidana suka ci tuwo har suka yi gemu. Wane marar kunya ne zai…"

"Ni ce, Kaka."

Muhsina ba ta ɗago kai ba.

"Ni ma na danna. Ina cikin aji zai shigo. In ga sunansa, in ji kamar yana bakin ƙofa yana kakkaɓe takalmi. Ranar sai in kasa karatu, in kasa cin abinci. Na share, ya dawo. Na share, ya dawo. Baba Lawal, abokinsa, ma ya ce shi tsoro yake ba shi."

Tirelar masara ta motsa, ƙurar tayarta ta shigo shagon. Malama ta zuba wa jikarta ido. Gida ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke ci, amma ba ta taɓa lura cewa yarinyar ba ta cin abinci ranar Juma'a ba.

"In an tsayar da saƙon, takardar za ta shiga?" ta tambayi Suwaiba.

"Da hatimin da wannan, ina sa rai. Sunan ba ya wankuwa rana ɗaya, amma zan gwada a adireshi daban-daban kafin mu tura musu. In kuwa saƙon ya fita gobe Juma'a, wani ya sake dannawa, mun koma baya." Suwaiba ta dubi Malama. "Zan iya cire kowa in bar naki ke kaɗai. Ba zai cutar da komai ba."

Malama ta juya maganar a ranta. Ba zai cutar da komai ba. Gobe wayar za ta yi ƙara a cinyarta, Muhsina tana ɗaki na kusa tana ji. Yarinyar za ta hau jirgi ta tafi, ta bar tsohuwa da inji suna gaida juna har ɗaya ya lalace.

"Ina ake dannawa a tsayar da shi gaba ɗaya?"

"Bari in yi miki, Malama."

"Ke kika haife shi? Nuna mini."

Suwaiba ta juyo mata da kwamfutar, ta nuna wani ɗan akwati a gefen allo. Malama ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta mayar. Ta karanta gaisuwar tun daga farko, a hankali, leɓɓanta suna motsi. Muhsina ta taso ta tsaya a bayanta.

"Wa alaikumus salam, Badaru," Malama ta ce. "Mun amsa. Kwanta ka huta."

Ta danna. Allon ya tambaye ta ko ta tabbata. Ta sake dannawa.

"To," ta ce wa Suwaiba. "Sa mana hatimin."