Birkin Motar Ba Kalli

Motar babanmu Ba Kalli tsohuwar Fijo 404 ce, wadda ake kira kat-san-kat, mai buɗaɗɗen baya. Ya saye ta hannu na uku a 1991, kuma tun ranar bai bar ta ta huta ba. Ya ɗaga ta sama, ya sa mata manyan tayu saboda yashin bakin kogin Komadugu, ya ƙara mata ƙarafa don ta ɗauki buhunan tattasai. Duk Diffa an san kukanta. Mu a bayanta muka girma, zaune bisa buhuna muna atishawa har kasuwa, kuma har yau in na ji ƙamshin busasshen tattasai sai kewarta ta kama ni.

A 2003 Baba ya samo birkin gaba na wata matacciyar mota a Damasak, irin mai faifai, ya ɗaura da hannunsa. Daga nan birki ya ɓaci. In ka taka, ƙafarka za ta tafi har ƙasa kamar ka taka tuwo, sai a taku na uku motar take tunanin tsayawa.

Wata Talata, ranar kasuwa, ya daki amalanken albasa. Ba wanda ya ji ciwo, amma yayana Abbakar ya samu abin da yake nema. Ya ce tsufa ne, Baba ya ba da makulli. Baba ya ce birki ne. Aka tsaya a kan mako ɗaya: in ya gano laifin a jikin mota ya gyara, makulli nasa ne.

Cire iska daga birki aikin mutum biyu ne, ɗaya a kujera yana takawa, ɗaya a ƙasa yana kwance 'yar ƙusar da iskar ke fita. Da can mahaifiyarmu Yakaka ce ke zama a kujerar, tana taku tana yi masa tsiya cewa motar ta fi ta samun kulawa. Bayan rasuwarta aikin ya dawo kaina. Kullum in na tashi daga makarantar da nake koyarwa sai in wuce gida, in zauna, in ji muryarsa daga ƙarƙashi: “Gumsu, taka. Riƙe. Saki.”

Kwana huɗu muna haka. Ya canza tiyo, ya canza famfon birki, ya zuba mai har ƙasar tsakar gida ta yi baƙi. Birki na nan yadda yake. Na tausaya masa ƙwarai, don na san in aka raba shi da motar nan an raba shi da gonarsa da abokansa na kasuwa.

Ran na biyar na kira Maikano, bakanike mutumin Damagaram, tsohon abokin Baba, wanda girman kai ya hana Baba nema. Sai da ya sha shayi kofi biyu sannan ya durƙusa. Ya leƙa bayan taya, ya leƙa ɗayar, ya kama dariya.

“Kalli, iska sama take zuwa, kai kuma ƙofarta ka kai ƙasa. Birkin dama ka ɗaura a hagu, na hagu a dama. Ko shekara za ku yi ba za ta fita ba.”

Suka musanya su. Na taka, na riƙe, na saki, sau shida. A na bakwai birki ya tsaya ƙyam ƙarƙashin ƙafata. Na yi murna har na fara shirya abin da zan gaya wa Abbakar.

Da la'asar Baba ya ce in raka shi gwaji. Muka bi hanyar gona sannu a hankali, daf da kogi ya taka sau ɗaya, mota ta tsaya cak. Ya kashe inji, ya zare makulli, ya daɗe yana juya shi a hannu, sannan ya miƙo mini.

“Ki ba yayanki.”

Na ce ai ya ci gardama, laifin birki ne, Maikano shaida.

“Ranar Talata ban taka birki ba sam,” in ji shi. “Ban ga amalanken ba sai da na ji ƙara. Idon hagu ya tafi tun damina, na daman ma yana bin sa.”

Raina ya ɓaci, na tambaye shi to wahalar kwana biyar ɗin nan ta mece ce.

“In ba ɗana mota marar birki?”

Muka aika aka kira Abbakar, ya zo a kan babur ɗin wani. Baba ya matsa tsakiya, ni a bakin ƙofa. Abbakar ya ja motar muka nufi gida. A kowace kwana ina kallon ƙafar Baba ta dama tana danna ƙasan mota, sau uku, inda babu komai.